Ina so in gina fulogin a lokacin hutuna in sake shi ga jama'a, ta ina zan fara?

Tambaya: Ina aikin rubuta manhaja a wani kamfani, kuma na iya PHP da JavaScript daidai gwargwado. Ina da dabarar wani fulogin (ƙaramar manhaja da ake ɗorawa don ƙara wa shafi wani aiki) na WordPress, tsarin gina shafukan intanet, da nake so in riƙa ginawa da dare da ƙarshen mako. Aikinsa shi ne ya sa gargaɗi a saman duk rubutun da ya tsufa, don mai karatu ya san bayanin da ke ciki zai yiwu ya canja. Burina in sa shi a ma'ajiyar WordPress, inda jama'a suke sauke fulogin kyauta, in Allah ya yarda ma ya kawo ɗan kuɗi nan gaba. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in sani kafin in sake shi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Dabarar taka ta yi, kuma abin da ya fi kwanta mini a rai game da ita shi ne ƙanƙantarta. Aiki ɗaya tak take yi, kuma ga shi ka bayyana shi cikin jimla guda. Mai iya PHP irinka zai rubuta gangar jikin wannan fulogin a zama ɗaya ko biyu. Wahalar tana can gaba, bayan mutanen da ba ka taɓa gani ba sun ɗora shi a shafukan da suka dogara da su. Daga ranar, kai za a nema in ya lalace, ko kana cikin taro a ofis, ko kana jinya, ko ka gaji da shi. Saboda haka duk abin da zan faɗa maka ma'auninsa ɗaya ne: ka gina abin da 'yan sa'o'in da suke rage maka bayan tashi daga aiki za su iya riƙewa shekara da shekaru, ba abin da zumuɗin makon farko yake raya maka ba.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ɗauko takardar yarjejeniyar aikinka ka karanta. Kamfanonin manhaja da yawa suna sa sharaɗin cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira yana tare da su nasu ne, musamman in ya yi amfani da kayan aikinsu ko lokacinsu, ko kuma abin ya shafi irin sana'arsu. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kariyar ba ta canjawa. Kada ka taɓa aikin da kwamfutar ofis, kada ka yi rajistar komai da imel ɗin ofis, in kuma sharaɗin yana da harshen damo, ka nemi izini a rubuce tun fulogin ɗin bai da wata daraja. Izinin da za a ba ka cikin sauƙi yau, ba lalle a ba ka shi ranar da aka ji abin ya fara kawo kuɗi ba.

Sai ka san matsayin abin da kake ginawa. Fulogin ɗan haya ne a gidan wani: mai gida ke da ikon canja ƙofa, ya ɗaga katanga, ya sake tsarin ɗakuna, kuma akwai wasu 'yan hayan da dole ku zauna lafiya. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fara WordPress a 2003, aka shigo da tsarin fulogin a siga ta 1.2 a 2004. Tsarin ya ginu ne a kan ƙugiyoyi iri biyu da aka warwatsa cikin kod ɗin WordPress. Akwai wadda take ba ka dama ka yi wani aiki a daidai wani lokaci, ita ake maƙalawa da `add_action`. Akwai kuma wadda take miƙo maka bayani ka gyara ka mayar, ita ake maƙalawa da `add_filter`. Abin da sabon shiga bai cika lura da shi ba shi ne babu shinge tsakanin fulogin da WordPress ɗin kansa. Duk ikon da WordPress yake da shi a kan sabar, fulogin ɗinka yana da shi: zai iya karanta rumbun bayanai gaba ɗaya, ya goge fayil, ya ƙirƙiri sabon shugaban shafi. Wanda ya danna maɓallin ɗorawa ya ba ka duk wannan ba tare da an tambaye shi komai ba. Kuma bisa ƙididdigar W3Techs, fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kan WordPress suke, shi ya sa masu kutse ba sa ɗauke ido daga kansa.

Shiga ma'ajiyar WordPress.org ka nemi dabararka da kalmomi daban-daban. Fulogin kyauta da ke ciki sun kai kusan 60,000, don haka da wuya ka rasa wanda ya riga ka. Kada hakan ya karya maka gwiwa, alama ce akwai masu buƙata. Zauna ka karanta ƙorafin masu amfani da waɗancan, musamman waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu, da tambayoyin da aka bari ba amsa. A nan za ka ga ko an yi watsi da su ne, ko sun yi nauyi, ko sun cika wa mutane fuska da talla. In ka samu wanda yake aiki lafiya kuma mai shi yana kula da shi, babu laifi ka tura masa gyara maimakon ka buɗe naka. Wannan ma aiki ne, kuma nauyinsa bai kai rabin na mallaka ba.

To, mu duba naka da kyau. Fayil ɗaya na PHP a cikin jakar `wp-content/plugins`, da ɗan bayani a samansa mai ɗauke da sunan fulogin, ya isa WordPress ya gane shi. Za ka maƙala aikinka a ƙugiyar `the_content`, wadda take miƙo maka rubutun kafin a nuna wa mai karatu. Ka duba kwanan wata, in ya wuce wa'adin da aka sa, ka liƙa gargaɗi a gaba, ka mayar. A wannan ɗan wurin akwai tarko biyu. Duk hanyar da kod ɗin ya bi, dole ta ƙare da mayar da rubutun. In ka bar reshe ɗaya bai mayar da komai ba, duk rubutun da ya bi ta nan zai fito fayau, ga take amma ba ciki, kuma mai shafin zai ɗauka aikinsa na shekaru ya goge. Ɗaya tarkon kuwa, `the_content` ba a shafin rubutu kaɗai take aiki ba. Tana aiki a jerin rubuce-rubucen shafin farko, tana aiki a RSS (hanyar da shafi yake aika sababbin rubuce-rubuce ga masu bibiyarsa), tana aiki lokacin da WordPress yake yanko taƙaitaccen bayani da kansa, ga kuma wasu fulogin da suke kiran ta don tasu buƙatar. In ba ka tsare ta da `is_singular` da `in_the_loop` da `is_main_query` ba, gargaɗinka zai fito sau goma a shafi ɗaya.

Akwai wata shawara da ta fi kod ɗin muhimmanci: da wane kwanan wata za ka auna tsufa? In ka ɗauki ranar wallafawa, rubutun da aka sake gyarawa tsaf jiya zai ci gaba da ɗaukar gargaɗi. In ka ɗauki ranar gyara ta ƙarshe, edita ya gyara harafi ɗaya a rubutun shekara bakwai, gargaɗin ya ɓace alhali bayanin yana nan da tsufansa. A ganina ka tsaya kan ranar wallafawa, sannan ka sa ɗan akwati a gefen kowane rubutu inda edita zai danna ya tabbatar ya duba kuma bayanin yana nan daidai, sai ƙidayar ta fara daga ranar. Wannan akwatin shi kaɗai ne ƙarin da zan yarda ka sa a sigar farko, domin shi ne ainihin amfanin fulogin ɗin. Wajen lissafin lokaci kuma, yi amfani da `get_post_timestamp` da `wp_date` da aka kawo a siga ta 5.3 a 2019, don su ne suke mutunta agogon yankin da mai shafin ya zaɓa.

Sauran abubuwan da za su riƙa zuwar maka a rai, irin su launi ashirin, gargaɗi daban ga kowane rukuni, jadawalin ƙididdiga, tura imel ga marubuta, duk ka rubuta su a takarda ka ajiye. Kowane zaɓi da ka ƙara a shafin saiti alkawari ne. Ranar da mutum ɗari suka dogara da shi ba ka da damar cire shi, kuma dole ka gwada shi duk lokacin da za ka fitar da sabuwar siga. Zaɓi biyu sun wadatar: watanni nawa, da kuma kalmomin gargaɗin.

Waɗannan zaɓi biyun ma, a nan batun tsaro yake, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin Patchstack suna nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ɓarakar tsaro da ake ganowa a duniyar WordPress daga fulogin suke fitowa, ba daga WordPress ɗin kansa ba. Yawancinsu kuma ba wata gagarumar dabara ba ce, sakaci ne iri ɗaya da ake maimaitawa. Ɗauki akwatin kalmomin gargaɗin nan. In ka adana abin da aka rubuta a ciki yadda yake, ka kuma nuna shi yadda yake, to duk wanda ya samu hanyar rubutu a akwatin zai iya zuba JavaScript, kuma kod ɗin zai yi aiki a burauzar duk wanda ya buɗe tsohon rubutu, har da shugaban shafin. Maganin shi ne ka tace abin da yake shigowa, ka kuma wanke abin da yake fita, duka biyun, ba ɗaya ba. Adadin watanni ka wuce da shi ta `absint`. Kalmomin kuma, lokacin nunawa, ka wuce da su ta `esc_html`, ko ta `wp_kses_post` in kana so a iya sa mahaɗi da kaurara rubutu.

Sannan tambayar wa ke da ikon canja saitin. Akwai wani aiki a WordPress mai suna `is_admin` da ya yaudari mutane ba adadi. Ba ya duba ko mutum shugaba ne, abin da yake dubawa kawai shi ne ko buƙatar ta nufi ɓangaren gudanarwa na shafin, kuma wanda bai ma shiga da sunansa ba zai iya aika irin wannan buƙata. Mai tantance iko shi ne `current_user_can`. Bayan shi kuma kana buƙatar lambar shaidar fom, wadda `wp_nonce_field` yake sawa, don kada wani shafi ya yaudari burauzar shugaba ta aika umarnin da bai yi niyya ba. Lambar shaida ba ta maye gurbin binciken iko, shi ma binciken iko bai maye gurbinta. In ka gina shafin saitinka da `register_setting` da 'yan'uwansa, WordPress zai ɗauke maka kaso mai yawa na wannan aikin, shi ya sa nake ba da shawarar kada ka ƙera naka fom daga tushe. Akwatin gefen rubutu kuwa, kai za ka duba da kanka cewa mai dannawa yana da ikon gyara wannan rubutun musamman. In wata rana ka kai ga rubuta SQL da hannu, kada wani abu daga mai amfani ya shiga ciki sai ta `$wpdb->prepare`. In kuma da taimakon manhajar ƙirƙirarriyar basira kake rubutawa, ba laifi, amma kada layi ɗaya ya fita da sunanka wanda ba za ka iya bayyana abin da yake yi ba.

Akwai ladabin zama da sauran fulogin. Duk sunan aiki, da sunan zaɓi a rumbun bayanai, da sunan salo a CSS, ka fara shi da wasu haruffa naka na musamman, domin in ku biyu kuka ba aikinku suna ɗaya PHP tsayawa yake yi cak, shafin ya faɗi. Tun siga ta 5.2 a 2019 WordPress yana kama irin wannan faɗuwar ya aika wa mai shafin imel da hanyar shiga ya gyara, kuma imel ɗin yana ambaton sunan fulogin ɗin da ya jawo. Kada ka loda CSS ɗinka a shafin da ba gargaɗi. Ka rubuta `uninstall.php` wanda zai share duk abin da ka adana ranar da aka cire ka. Duk kalmar da mai amfani zai gani kuma ka naɗe ta da ayyukan fassara tun daga farko, tun ran gini tun ran zane, don komawa a bi layi-layi daga baya aiki ne mai gundura, kuma masu sa kai suna fassara fulogin ɗin ma'ajiya kyauta in an shirya musu hanya.

Gwaji ba ya buƙatar dogon bayani a wurinka. Kafa WordPress a kwamfutarka da Local ko `wp-env`, ko ka gwada a WordPress Playground da yake aiki a cikin burauza. Kunna `WP_DEBUG`, saitin da yake nuna kurakuran kod. Gwada da tsohuwar sigar PHP da ka ce kana goyon baya da kuma sabuwa, da jigon zamani mai tubala da tsohon jigo (jigo shi ne tsarin kamannin shafi), da fulogin ɗaya na ma'ajin shafuka, wato mai ajiye kwafin shafi don ya buɗe da sauri. Gudanar da Plugin Check, kayan binciken da masu duba ma'ajiya suke so a yi amfani da shi kafin a miƙa. Bayan nan ka ɗora a shafi na gaske, naka ko na abokai biyu ko uku da suka yarda, ka bar shi 'yan makonni.

Miƙawa kyauta ce. Za ka tura fayil ɗin zip, mutane su duba kod ɗin da idonsu, su aiko maka da abin da za ka gyara. Jira yakan yi tsawo ko gajarta gwargwadon cunkoso, kuma a 2023 layin ya kai watanni, don haka kada ka sanar da ranar fitowa kafin a amince. Sharuɗɗan da suka fi kama mutane su ne: lasisin dole ya dace da GPL siga ta 2 ko ta gaba (lasisin da ya ba kowa damar amfani da kod, gyara shi da raba shi), ba a ɓoye kod ta yadda ba za a iya karanta shi ba, ba a tattara bayanan masu amfani sai da yardarsu, kuma ba a fara sunan fulogin da alamar kasuwancin wani. Ka yi tunani sosai kan suna, domin gajeren sunan da zai shiga adireshin ba ya canjuwa bayan an amince. Daga nan za a ba ka ma'ajin Subversion, tsarin adana sigogin kod irin Git. Yawancinmu a Git muke aiki, sai ranar fitar da siga a tura can. A kula da layin `Stable tag` a cikin `readme.txt`, shi ne yake gaya wa duniya wace siga za a sauke, kuma in ya nuna sigar da ba ta nan sai a rarraba abin da ba ka yi niyya ba. Tun 1 ga Oktoba 2024 tantancewa mai mataki biyu ta zama dole ga duk mai ikon tura kod zuwa ma'ajiyar.

Shi wannan `readme.txt` shi ne fuskar fulogin ɗinka. Gajeren bayanin haruffa 150 ne iyakarsa. Rubuta shi da kalmomin da mai matsalar zai nema, ba da kalmomin mai rubuta kod ba, ka sa hoton gargaɗin yadda yake fitowa a saman rubutu.

Ranar fitowa, abin da ya fi yiwuwa shi ne shiru. Shafin zai nuna cewa masu amfani ba su kai 10 ba, kuma zai iya zama a haka makonni. Wannan ba faɗuwa ba ce, haka kusan kowa yake farawa, kuma alheri ne, domin kurakuran farko gara mutum takwas su gani da mutum dubu takwas. Abin da na ga yana kawo masu amfani na gaskiya shi ne ka je inda masu matsalar suke tambaya, ka amsa tambayarsu da gaske, ka ambaci fulogin ɗin in ya dace, ka kuma faɗa fili cewa naka ne. Rubutu ɗaya mai kyau kan abin da ya sa tsohon bayani yake cutar da mai karatu ya fi sanarwa ashirin. Kada ka roƙi 'yan'uwa su zuba maka taurari biyar, ya saɓa wa ƙa'ida, kuma yana hana ka jin gaskiyar abin da ka gina.

In mutane sun fara zuwa, tambayoyi za su biyo su, kuma nan ne aikin gefe yake cinye mai shi. Mafi yawan saƙonnin ba laifin kod ɗinka ba ne. Jigon wani ne ya rufe gargaɗin, ko ma'ajin shafuka yana nuna tsohon kwafi, ko wani fulogin ya riga ka taɓa rubutun. Duk da haka kai za a tambaya, wani ma da faɗa zai fara. Ka ware lokaci tsayayye, misali zama biyu a mako, ka rubuta a shafin fulogin ɗin cewa a nan kake amsawa. Duk tambayar da ta zo sau uku, ko ka sa ta cikin bayani ko ka gyara abin da yake jawo ta. Ka koyi cewa a'a cikin mutunci. In wani ya nemi abin da shi kaɗai yake buƙata, ba shi ƙugiya a cikin kod ɗinka ya maƙala nasa, ka huta da ɗaukar nauyin zaɓi na har abada. Rahoton tsaro kaɗai ne ba ya jiran ranar zama, shi a daren za a duba.

Wani abin da ya kamata ya sa ka taka-tsantsan: tun siga ta 5.5 a 2020 masu shafi suna iya kunna sabuntawa ta kai tsaye. Abin da ka tura da tsakar dare zai iya isa dubban shafuka kafin ka farka. Kada ka fitar da siga a gajiye, ko daren da za ka yi tafiya.

Ga kuma canje-canjen da ba kai ka jawo su ba. WordPress yakan fitar da babbar siga sau biyu ko uku a galibin shekaru, kuma fulogin da ba a gwada shi da manyan sigogi uku na baya-bayan nan ba, ma'ajiya tana manna masa gargaɗi. A Disamba 2018 siga ta 5.0 ta kawo editan tubala na Gutenberg, masu fulogin da suka jingina da tsohon edita suka koma aiki. PHP 8 da ya fito a Nuwamba 2020 ya mayar da abubuwa da yawa da a da gargaɗi ne kawai suka zama kuskure mai tsayar da shafi. A wasu dandamalin abin ya fi haka zafi. Firefox 57 a Nuwamba 2017 ya daina karɓar tsofaffin ƙare-ƙaren burauza baki ɗaya. Chrome ya tilasta komawa Manifest V3, sabon tsarin ƙare-ƙarensa, ya hana loda kod daga waje, ya fara kashe tsohon tsarin a 2024. A Oktoba 2024 kuma, ana tsakiyar rikicin Automattic, kamfanin Matt Mullenweg, da WP Engine, kamfanin da yake ɗaukar nauyin shafukan WordPress a sabarsa, WordPress.org ya karɓe shafin Advanced Custom Fields a ma'ajiya ya mayar da shi Secure Custom Fields, fulogin mai masu amfani miliyoyi. Kariyarka ita ce ka tsaya kan hanyoyin da aka rubuta a takardun hukuma na dandamalin, kada ka jingina da abin da ka tono a ciki wanda ba a yi alkawarin zai dawwama ba, kuma ka riƙe kod ɗinka da ɗan shafinka a wurin da kai ke da iko.

Batun kuɗi kuwa, yana yiwuwa. WooCommerce fulogin ne na buɗe kantin sayarwa a shafi da ya fito a 2011, Automattic ya saye kamfanin da ya yi shi a 2015. Yoast SEO ma, mai taimaka wa shafi ya fito a binciken Google, daga hannun mutum ɗaya, Joost de Valk, ya faro. Amma gaskiyar da zan gaya maka ita ce fulogin mai sa gargaɗi a tsohon rubutu da wuya ya zama abin saye shi kaɗai. Mutane suna biya ne in abu yana kawo musu kuɗi ko yana rage musu aiki mai yawa. In akwai kuɗi a dabararka, yana wurin manyan shafuka masu dubban rubuce-rubuce da suke son jerin abin da ya kamata a sake dubawa da wanda zai duba, kuma ba za ka san haka ba sai su da kansu sun fara tambaya. Ribar farko da aka fi samu ita ce suna: kod ɗin da kowa zai iya karantawa, mai masu amfani na gaske, ya fi kowace takardar neman aiki magana.

In lokacin sayarwa ya zo, ka san abu uku. Ma'ajiya ba ta yarda a kulle wani ɓangare na fulogin kyauta sai an biya, don haka ɓangaren kuɗi fulogin ne daban da za ka rarraba daga naka shafin. Lasisin GPL ya ba wanda ya saya damar ya raba wa wasu, saboda haka abin da kake sayarwa a zahiri shi ne sabuntawa da taimako. Shi ya sa nake hana mutane sayar da lasisin da ake biya sau ɗaya a riƙe har abada, kuɗin sau ɗaya suke shigowa, tambayoyin kuma ba sa ƙarewa, biyan shekara-shekara ne ya dace da aikin da ake yi shekara-shekara. Sai haraji. Tun 1 ga Janairu 2015 Tarayyar Turai take karɓar harajin kayan dijital bisa ƙasar mai saye, wasu ƙasashen ma sun bi sahu. Mai aikin dare ba zai iya bin wannan ba, shi ya sa ake amfani da dillalai irin su Paddle ko Freemius ko Lemon Squeezy, su sayar da sunansu, su biya harajin, su cire kasonsu. In wata rana ka koma ɓangaren Chrome, rajistar dala 5 ce sau ɗaya, amma Google ya rufe nasa tsarin karɓar kuɗi a 2021, can ma kai za ka nemi hanya.

Saura abu ɗaya da ba a cika faɗa wa mai farawa ba, wato yadda ake bari. Rayuwa tana canjawa, kuma ranar da ba ka da lokaci za ta iya zuwa. Haka kuma da zarar masu amfani sun kai 'yan dubbai, za ka fara samun imel daga mutanen da ba ka sani ba suna son saye, ko suna son ka sa ɗan kod ɗinsu a biya ka. Wasunsu ba fulogin ɗin suke so ba, hanyar sabuntawa suke so, wadda take shiga shafukan mutane kai tsaye. A 2017 an sayar da Display Widgets, mai masu amfani kusan 200,000, sabon mai shi ya cusa kod mai zuba tallan banza a shafukan mutane har aka cire shi daga ma'ajiya. The Great Suspender, wani ƙarin burauzar Chrome, an sayar da shi a 2020 ga wanda ba a bayyana ba, a Fabrairu 2021 Google ya cire shi saboda mugun kod. A 2018 ma mai `event-stream`, wani kunshin kod na JavaScript, ya miƙa shi ga wani da ya nuna yana son taimakawa, aka yi amfani da shi wajen kai hari kan wata manhajar ajiyar Bitcoin.

In ka gaji, rubuta a saman bayanin fulogin ɗin cewa ka daina kula da shi, ka sa masa alamar `adopt-me` da ake amfani da ita a ma'ajiya don neman mai riƙo. Wanda ya fito, ka duba ayyukansa na baya da sunansa na gaskiya, ka bar shi ya riƙa turo gyara kana dubawa na wasu watanni kafin ka ba shi ikon turawa da kansa, kuma ka sanar da masu amfani a bayanin sigar cewa hannu ya canja. In ba a samu wanda ka natsu da shi ba, ka fitar da siga ta ƙarshe mai ɗauke da sanarwa da sunan wani fulogin da za su iya komawa, sannan ka rufe naka a ma'ajiya.